Idon jariri ya yi ɗorawa, ga wanzami na tafe ranar suna

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa. Maiɗakina ta sauka yau kwana huɗu, an samu namiji, haihuwar fari. A gidansu ta haihu, don ta tafi goyon ciki. Jiya da la'asar ƙanwarta ta miƙo mini yaron sai na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Kakarsu ta ce shawara ce, ta haɗa dauri ana ɗura masa safe da yamma, ana kuma shanya shi a hantsi. Cibiyar ana gasa ta da tsumma mai zafi, a shafa man goge baki da toka. An sa masa kwalli, kayansa duk warin kafur. Mai jegon kuma ana yi mata wankan ganye da tafasasshen ruwa sau biyu a rana, tana shan kunun kanwa, da dare a sa musu kaskon garwashi a ɗaki saboda sanyi. Ta faɗa mini a waya ƙafafunta sun kumbura, kanta yana sarawa. Ranar suna wanzami zai cire masa beli. Hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin surukaina. Me zan yi?

Wa'alaikumus salam, Malam. Barka da arziki, Allah ya raya shi, ya ba mai jego lafiya. Abubuwan da ka lissafa suna da yawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Biyu daga ciki ba sa jiran gobe: idon yaron da kan uwar. Yau ɗin nan ka ajiye shirin suna, ka nemi mota ka kai su asibiti su biyun, babban asibitin Ringim ko na Jahun, duk wanda hanyarsa ta fi muku sauƙi. Ɗakin shan magani na ƙauye zai iya auna mata hawan jini, amma fitilar da ake sa jariri mai shawara sai babban asibiti, don haka kada yini ya ƙare muku a can. Sauran bayanin nan ka karanta kana jiran mota ko a cikinta.

Kaka ta gane ciwon, shawara ce. A magani ne aka kuskure. Ana haihuwar jariri da jajayen ƙwayoyin jini masu yawan gaske, bayan ya fito duniya sai wasunsu su riƙa fashewa, su saki wani sinadari mai launin ɗorawa da ake kira bilirubin. Hanta ce ke tace shi ta tura shi cikin kashi, ita kuwa hantar ɗan kwana huɗu ba ta ƙosa ba, sai ya taru a jini ya rina ido da fata. Fiye da rabin jarirai suna yin haka kaɗan, ya bayyana a kwana na biyu ko na uku, ya kai maƙura tsakanin kwana uku zuwa biyar, ya washe kafin sati biyu. Shi ya sa tsofaffi ke da hujja a hannu: sun ga yara da yawa da aka ba dauri suka warke. Waɗannan yaran ko ba a ba su komai ba za su warke. Matsalar tana ga ƙalilan ɗin da sinadarin ke hawa ya wuce ƙima, ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa. Idan ya shiga can, ɓarnar ba ta gyaruwa. Yaron ya kan rasu, ko ya tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya kasa zama da tafiya, a ƙarshe a ce iska ce ta taɓa shi. Ido kuwa ba ya bambance shawarar da za ta wuce da wadda za ta yi lahani, sai an auna.

Kafin mota ta zo, ga abin da za ka duba da kanka. Fito da shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, ban da hasken tocila ko na waya. Danna yatsa a goshinsa ka ɗaga, ka ga launin wurin kafin jini ya dawo. Yi haka a ƙirji, a ciki, a cinya, sannan tafin hannu da tafin ƙafa. Buɗe leɓensa ka dubi dasashi. Shawara daga kai take farawa ta gangara ƙasa, iya nisan da ta yi iya yawanta a jini. In ta sauka ƙasa da cibiya ta yi yawa, in ta kai tafin ƙafa ana cikin haɗari sosai. Tambayi uwar ko tun ranar haihuwa idon ya fara canzawa, domin shawarar da ta fito cikin awa 24 na farko kullum ta asibiti ce. Tambaye ta kuma ko yana kama nono da ƙarfi, ko barci ya yi masa yawa har sai an tashe shi da ƙyar, ko kukansa ya koma siriri mai tsini, ko yana banƙarewa ya mai da ƙeya baya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya nuna abin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Ko ba ka ga ko ɗaya ba, tafiyar tana nan.

A asibiti za su ɗebi ɗan jini su auna. In adadin ya kai, sai a tuɓe shi a rufe masa ido a kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, wadda ke sauya sinadarin ya zama mai fita ta fitsari da kashi. Yawanci kwana ɗaya zuwa uku ne, ana ɗauko shi ya sha nono a mai da shi. In ya yi tsanani akan yi masa canjin jini, wanda za a iya tura ku Dutse, asibitin Rasheed Shekoni, ko Birnin Kudu, ko asibitin Malam Aminu Kano saboda shi. Ka roƙi a duba rukunin jinin uwar da na yaron, don saɓanin rukuni na cikin abin da ke sa shawara ta yi ƙarfi, kuma sanin haka zai yi amfani a ciki na gaba.

Dauri a daina shi daga yanzu. Cikin ɗan kwana huɗu bai wuce girman goro ba. Duk cokalin daurin da ya shiga ya tare wurin nono, nono kuwa shi ke sa kashi, kashi ke fitar da sinadarin. Ka ga daurin da aka ba shi don shawara shi ke ƙara mata zama a jiki. Ga shi ba wanda ya san ƙarfin sassaƙen da aka jiƙa, yau ya yi kauri gobe ya yi tsararo, kuma hantar da ta kasa aikinta na asali ita aka ɗora wa tace shi. Ga ruwan rijiyar da aka jiƙa shi da shi, mai kawo gudawa. Mafi muni shi ne ɗura, a toshe wa jariri hanci a zuba masa ruwa a baki yana kuka. Ruwan kan bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama. Ampiclox na ɗigawa da ruwan gulukos da masu kemis ke bayarwa su ma ba sa maganin shawara, ɓata lokaci ne kawai. Abin da yaron ke buƙata nono ne zalla, sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, ko yana barci a tashe shi duk bayan awa biyu zuwa uku. Alamar yana samu ita ce ya jiƙa tsumma kamar sau shida a rana daga kwana na biyar, kashinsa kuma ya tashi daga baƙi zuwa ruwan ɗorawa. Ruwa, zuma, madarar shanu, duk a ajiye. Zuma musamman sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke saki jikin jariri har ya kasa numfashi. In an kawo rubutu, uwar ta sha, shi a yi masa addu'a.

Shanyawa a hantsi ma a bari. A wannan sanyin, jaririn da aka tuɓe a tsakar gida jikinsa kan huce cikin mintuna kaɗan, da bazara kuma rana ta ƙona shi ta busar da shi. Sannan hasken kan dusashe launin fatar da ya taɓa, a ga kamar an samu sauƙi alhali adadin da ke jini bai sauka ba.

Warin kafur ɗin da ka ji shi ya fi tayar mana da hankali, tunda yaron namiji ne. Akwai wani rauni na gado a ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, ya yawaita a ƙasar nan, ya kuma fi kama maza. Mai shi lafiyarsa ƙalau har sai ya haɗu da wasu abubuwa, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su fashe da yawa lokaci guda. Ƙwallon kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai na sahun gaba, kuma ba sai ya ci ba, shaƙa da taɓa fata sun isa. Lalle a jikin jariri da man zafi irin su Robb su ma a nisanta da shi. A kwashe kafur ɗin daga ɗakin gaba ɗaya, a wanke kayan da sabulu a shanya su a rana su sha iska har warin ya fita. Yau a naɗe shi da zanin uwarsa wanda bai shiga akwatin ba. Ka faɗa wa likita maganar kafur ɗin da bakinka.

Sai cibiya. Ka ɗauke ta a matsayin ƙofa buɗaɗɗiya wadda jijiyoyinta suka nufi hanta kai tsaye. Toka, ƙasa, kashin shanu, tsumman da aka ajiye a ƙasa aka ɗauka, duk suna iya ɗauke da ƙwayar tetanas, ciwon sarƙe-haƙora. Yadda yake zuwa a jariri sananne ne: yaro ya sha nono lafiya kwana biyu na farko, sai tsakanin kwana 3 zuwa 14 ya kasa buɗe baki, jiki ya sandare, ƙara ko haske ko taɓawa su sa shi zabura yana ƙanƙamewa. Yawancin jariran da ya kama ba sa tashi. Man goge baki kuwa an yi shi ne don haƙorin babba, a ɗanyar fata ƙuna yake yi, ya kuma rufe wurin ya hana shi bushewa. Gashi da tsumma mai zafi na saɓule fatar cikin jariri, wadda ta fi ta babba siranta nesa ba kusa ba, ƙunar kuma ta zama wata ƙofar.

Abin da ake sawa shi ne man cibiya na kuloheksidin, mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, yana zuwa a ɗan ƙaramin bututu, ana samunsa a asibiti da manyan kemis. Mai shafawa ta wanke hannu da sabulu, ta matso a yatsa, ta shafa a kan bakin cibiyar, ta bi jikinta har gindi, ta zagaya fatar da ke kewaye. Sau ɗaya a rana, kwana bakwai ko har ta faɗi. Kada a ɗaure, kada a rufe, a naɗe bakin nafkin ƙasa da ita don fitsari. Tana faɗuwa da kanta tsakanin kwana biyar zuwa sati biyu, ba a jan ta. Gargaɗi ɗaya mai girma: wannan magani ba ya kusantar ido. An taɓa samun yaran da suka makance a ƙasar nan saboda an ɗauka maganin ido ne aka ɗiga musu, don haka a nuna wa duk matan ɗakin, a ajiye shi daban. Tunda an riga an sa toka, ka gaya wa ma'aikatan, ka kuma nemo katin awonta su ga ko ta yi allurar tetanas aƙalla biyu da cikin nan. In cibiyar na wari, ko tana ruwa, ko jan da ke gindinta ya fara yaɗuwa a fatar ciki, wannan ma kwanciya ce a asibiti.

Kwalli na gargajiya, irin na dutse mai ƙyalli, ma'adinin dalma ne. A shekarar 2011 an samu wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston na Amurka da dalma a jininsa, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a gaya musu aikin dalma a jikin yaro bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Ta kwalli a hankali take shiga, yaro ya murza ido ya sa hannu a baki, ta taru ta rage kaifin ƙwaƙwalwa. A goge masa, a daina. Haka nan in an ga nonon yaron ya ɗan kumbura kada a matse, zai saɓe da kansa, matsawa ke sa ya yi ƙurji.

Yanzu beli, wanda muke so ka tsaya a kansa tsayin daka. Wannan ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganɗa kowane ɗan Adam da shi aka haife shi, aikinsa taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, don kada nono ya biyo ta hanci. Ba ya girma ya toshe maƙogwaro, ba shi ke sa amai ko tari ko ƙin nono ba, kuma ba aya ko hadisin da ya ce a cire shi. Ka tambayi limaminku. Yadda ake yin aikin ma ya isa ya nuna haɗarin: a riƙe jariri yana kuka, a danne harshe da ɗan itace, a saƙalo naman da lanƙwasasshiyar aska a wuri mai duhu da ba a iya dannewa in jini ya ɓalle. Lissafa da kanka. Jariri mai kilo uku duk jinin jikinsa kamar mililita 250 ne, wato rabin ledar fiya-wata. Cokalin cin abinci biyu in suka zuba, ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma. Jinin kuma ba lallai a gan shi a waje ba, haɗiye shi yake yi, ko ya sauka a huhu. A satin farko jinin jariri ba ya saurin daskarewa saboda ƙarancin bitamin K, shi ya sa ake yi wa wanda aka haifa a asibiti allurarsa nan take, naka kuwa a gida aka haife shi, bai samu ba. Ka haɗa wannan da yaron da shawara ke cin jininsa. Bayan jini akwai tetanas daga askar, akwai ciwon hanta da cutar ƙanjamau in an yi wa wani aiki da ita, akwai zafin da zai hana shi kama nono kwana biyu ko uku a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa. Duk wannan hukuncin ya hau kan tsaga da cire angurya da ake yi wa 'ya'ya mata.

Wanzami ba abokin gaba ba ne, sana'ar gidansu ce kuma da ita yake ci. Ka same shi kai da kanka tun kafin ranar, ka biya shi cikakken ladansa har da na belin da bai cire ba, a ba shi kasonsa na nama kamar yadda aka saba. Aski kawai zai yi, da sabuwar reza da ka sayo aka ɓare a gabanka, a bi maɗiga a hankali, shi ma sai yaron ya warware. Ka sa wata 'yar'uwarka ta zauna a ɗakin har ya gama ya fita, domin cikin hayaniyar suna aikin minti ɗaya ne.

Mu dawo kan mai jego. Ciwon kai da kumburin ƙafa a kwana na huɗu sunansu hawan jini har sai ma'auni ya ƙaryata. Mutane sun ɗauka jijjigar masu ciki tana ƙarewa da haihuwa, alhali tana iya zuwa bayanta, an fi ganinta a satin farko, kuma haihuwar fari na cikin masu haɗarin. In ma'auni ya nuna 140 bisa 90 ko sama, tana buƙatar magani da sa ido. In ya kai 160 bisa 110, ko tana ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kwanciya ce nan take. In ta fara jijjiga a hanya, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko a ɗura mata komai.

A kan wannan ne ake zuba mata kanwa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke sa gishiri ya hau da jini shi ne jigonta. Duk gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram biyar ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ka kwatanta da dunƙulen jar kanwa ko ungurnu da ake narkawa a kunun mai jego sau biyu ko uku a rana. Tana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara hawa, ƙafa ta kumbura, nauyi ya ƙaru a kan zuciya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan matan Hausa da zuciyarsu ke gazawa a watannin jego, suka danganta shi da kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gado mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, irin su ƙarancin abinci mai gina jiki, don haka ba za mu ɗora wa kanwa laifin duka ba. Amma macen da ƙafarta ta riga ta kumbura ba ta da wurin ajiye ƙarin gishiri. Alamun gazawar zuciya su ne haki in ta ɗan yi tafiya, kasa kwanciya sai an tara mata matasai, tari da dare, bugun ƙirji, kumburi na hawa zuwa cinya da ciki. Kunu a ci gaba da damawa, na gero ko na gyaɗa, da tsamiya da ɗan citta da kanumfari, a cire kanwar kawai. Ƙauri, hanta, wake, zogale, ƙwai, duk ta ci ta ƙoshi, a rage gishiri da dunƙulen miya. Abin da ke kawo ruwan nono shi ne yawan tsotson yaro da cin abinci da shan ruwa. Ta kuma sha ƙwayar ƙarin jini ta asibiti har wata uku.

Wanka ba mu ce a daina ba. Tsafta ce, yana warware gajiya, kuma lokaci ne da ake kula da ita. Zafin ne ya wuce gona da iri. Ruwan da ya tafasa digiri 100 ne, wanda ya kai 60 ma yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ganyen darbejiya ko runhu da ake fyaɗawa ba ya rage masa komai. Zafi mai yawa na buɗe jijiyoyi, mace ta ga jiri ta faɗi a banɗaki, wani lokacin a kan tukunyar. A sirka ruwan har mai yi mata wankan ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar ta a ciki ba tare da ta janye ba. A zaune za ta yi, kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar, ta ci wani abu kafin ta shiga. Zama cikin ruwan ɗumi mai tsabta yana taimaka wa ɗinki ko ƙari, amma ba a cusa komai a gaba, ko kanwa ko gishiri ko wani haɗin matsi, don suna ƙona wurin ya warke da tabo ya tsuke, haihuwa ta gaba ta zo da wahala. Jinin biƙi in ya jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin awa ɗaya, ko ya yi wari, ko ya zo da zazzaɓi, asibiti.

Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki na fitar da wata iska marar wari marar launi, mai hana jini ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ta farko ciwon kai da jiri, don haka mai yiwuwa tana da hannu a ciwon kan maiɗakinka. Mutane kan kwanta da ita su ƙi tashi, jariri kuma shi ke fara tafiya. A ɗumama ɗakin da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Ɗumin da ya fi wa jariri shi ne ƙirjin uwarsa, fata da fata, da hula da safa, a lulluɓe su tare. Haka za ta riƙe shi a mota, tana ba shi nono a hanya.

Saura surukai. Nauyin da kake ji tarbiyya ce, ba mu ce ka yar da ita ba, kuma waɗannan mutane 'yarsu ce da jikansu, ba mai son su da sharri. Kada ka shiga ɗakin mata ka ce kaka ta yi ba daidai ba, za ka rasa su gaba ɗaya. Ka bi ta hanyar da aka saba. Ka ɗauki yayanka ko baffanka ku sami surukinka a zaure, bayan gaisuwa ka ce, “Baba, na yi magana da ma'aikatan asibiti kan idon yaron nan, sun ce a kawo shi yau shi da uwarsa a auna su. Na zo neman izini, ga mota a waje.” Ba ka zargi kowa ba, ka kuma ba shi girmansa. Ɓangaren mata ka tura gwaggonka ko yayarka. Dabarar da ta fi ci ita ce a tafi da kakar ko surukarka asibitin, ta ji daga bakin likita, ta ga sauran jariran da ke ƙarƙashin fitila. Maganar da za ta ƙi daga bakin suruki za ta karɓa daga bakin mai farin kaya, kuma in ta dawo ita za ta hana wanzami da kanta. In an ce ai mai jego ba ta fita kafin arba'in, ko wa zai bar gida ana saura kwana uku suna, amsar ita ce raɗa suna a zaure ake yi da safe, maza ne da liman da goro, ba a fito da jariri. Ana iya yanka rago a raɗa suna yana kwance a asibiti, taron mata a ɗaga. In kuɗi ne ya yi ƙaranci, na shagalin a fara taɓawa. In duk ka bi an ƙi, ka nemi mai unguwa ko liman su sa baki, amma kada rana ta faɗi yaron na gida. Kai ne ubansa, haƙƙin a wuyanka yake.

Ku tafi da kwalbar daurin da man da ake shafa wa cibiya da katin awo, ku faɗi duk abin da aka yi ba ɓoye-ɓoye, ko da wata ma'aikaciya za ta yi faɗa. Kafin a sallame ku ka tabbata an auna nauyinsa, an yi masa allurar bitamin K, an ba shi rigakafin haihuwa guda uku, wato BCG ta tarin fuka, ɗigon shan-inna da allurar ciwon hanta, wadda ake so a yi da wuri kafin ya cika sati biyu. A rubuta muku ranar dawowa, ɗaya a sati na biyu, ɗaya a sati na shida, ranar da za a fara masa sauran allurai a kuma sake auna jinin uwar. Bayan kun koma gida, in ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ka ƙirga numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ɗorawar ta dawo, ko ta wuce sati biyu, ko kashinsa ya koma fari kamar alli, ku juya asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Lambar direban da ya kai ku yau ka ajiye ta a wayarka.